Naman Makankari da Ƙafar Malam

Ni ce auta a gidanmu, kuma duk wanda ya san mu ya san bakina ba shi da linzami. Yayyena babu mai iya ɗaga ido ya dubi Malam, mahaifinmu, amma ni tun ina 'yar mitsitsiya nake jan gemunsa yana tsakiyar ba da karatu, manyan ɗalibai suna sunkuyar da kai suna ɓoye dariya. Da wannan bakin nake samun duk abin da nake so a wajensa. Amma a shekarar da aka so a yanke masa ƙafa, wata uku cur ina magana, bakin nan bai tsinana mani komai ba.

Shekarun nan ne da 'yan bindiga suka hana mutanen yammacin Batsari sakat. Ƙauyenmu yana wajen Ruma, gab da daji. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa, yayyena maza kuma kowa ya kama gabansa, wasu Katsina, wasu kudu neman abin sawa a baka. Malam ya ƙi tashi. Sai da aka kore shanun garin kaf, aka cinna wa rumbuna wuta, sannan ya yarda ya fito. Ya iso Batsari da jaki ɗaya, da buhun gero biyu, da gafakar littattafansa, yana ɗingishi. A hanya ya ratsa ta wata gona, tushiyar kara ta soke shi a ƙafar hagu, kusa da dunduniya.

Ni a lokacin ina aure a cikin garin Batsari, ina koyarwa a makarantar firamare. Maigidana ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, mutum mai sanyin hali, irin wanda ko kaza ta shiga ɗakinsa sai ya lallashe ta ta fita. Shi ya share ɗakin zaure da hannunsa, ya shimfiɗa tabarma da buzu, ya durƙusa ya roƙi Malam ya sauka a nan. Malam ya sauka, don babu wani wurin.

To amma a wajenmu babban mutum ba ya kwana a gidan surukinsa, balle ya ci tuwonsa. Abin kunya ne da ake yi wa mutum gori da shi har jikokinsa. Kwana dai ya zame wa Malam dole. Ci kuwa, a ganinsa, bai zama dole ba. Ranar farko da na kai masa tuwo da miyar kuɓewa da tsokar nama biyu, ko buɗe kwanon bai yi ba.

Ya ce, "Auta, ga gerona can. Ki riƙa dama mani kunu da shi. Tukunyar gidan nan ta mai gidan ce."

Na ce, "Haba Baba! Ni ma fa ina aiki. Da albashina na sayi naman nan."

Ya ce, "Albashin naki ta ƙofar wa yake shigowa?"

Shi ke nan. Kunu da safe, kunu da yamma, babu sukari, babu nono. Tsamiya kaɗai ya yarda in jiƙa masa, ita ma don ya ga da idonsa na kaɗo ta daga bishiyar bakin hanya. Maigidana ya shiga damuwa har ya rame. Ya koma fita tun da sassafe, ba ya dawowa sai yamma, wai ko Malam zai sake jiki. Da ya ga abin ya ƙi, sai ya yi dabara. Akwai wani tsohon ɗalibin Malam, magidanci mai a-kori-kura, yana jigilar hatsi tsakanin Batsari da Safana. Maigidana ya sayi nama ya ba shi a ɓoye, ya ce ya kawo a matsayin sadaka. Malam ya ci kwana biyu, muna ta murna. A rana ta uku ya dubi mutumin nan ya ce, "Don Allah, wa ya saya?" Wa zai yi wa malaminsa ƙarya bayan an haɗa shi da Allah? Bawan Allah ya faɗi gaskiya yana zufa. Daga ranar Malam ya rufe ƙofar sadaka gaba ɗaya, ko ƙwai aka kawo sai ya ce a mayar.

Ciwon ƙafa kuwa, da muka ɗauka ƙaramin abu ne, ya zama gyambo. Ya buɗe, yana ruwa, yana wari. Ga zazzaɓi, yau ya tafi jibi ya dawo. Ga tari. Bakinsa ya tsattsage a gefe da gefe. Duk bayan kwana biyu muna ɗora shi a babur mu kai shi asibiti a wanke, a yi allura, a naɗa bandeji. Ma'aikaciyar jinyar da ke duba shi, wata dattijuwa mai faɗin gaskiya, ta ja ni gefe wata rana.

Ta ce, "Malama, me tsohon nan yake ci?"

Na faɗa mata. Ta riƙe haɓa.

Ta ce, "To ki saurara. Allura tana kashe ƙwayar cuta, amma ba ta gina tsoka. Jiki yana da garkuwarsa, ita ke yaƙi, ita ke rufe ciwo. Garkuwar tsohon nan ta faɗi ƙasa warwas, kunu ba zai tashe ta ba. Nama, kifi, ƙwai, wake, ko me kika samu. In mako uku ya wuce ciwon nan bai fara haɗewa ba, Katsina zan tura ku, kuma ba zan ɓoye maki ba, ana iya raba shi da ƙafar."

Na dawo gida raina a ɓace, na wuce zaure kai tsaye, ko mayafi ban cire ba. Abin da na faɗa wa mahaifina a ranar har yau ina neman gafarar Allah a kansa. Na ce masa wannan ba kunya ba ce, girman kai ne. Na ce mutumin da ya shekara arba'in yana koya wa mutane cewa rai amana ne, yau ga shi zai ba da ƙafarsa don kada a ce ya ci tuwon suruki. Na ce to in an yanke, wa zai riƙa ɗaukarsa zuwa bayi in ba surukin ba? Malam ya juya fuska ga bango ya ci gaba da jan carbinsa. Na fito na zauna a bayan madafi na yi kuka mai isata. Tsoro nake ji, kuma haushinsa nake ji, kuma tausayinsa ya fi duka yawa.

Washegari ina tsugune a tsakar gida ina kankare ƙanzon tukunya, sai maƙwabciyata ta leƙo ta katanga. Malamar kimiyya ce a sakandaren 'yan mata, 'yar Yawuri, aure ya kawo ta ƙasarmu. Ta dubi abin da ke hannuna. Makankari ne, wannan ɓawon mai sheƙi da ake tsinta a bakin ruwa. Kowace mace a ƙasarmu tana da shi, da shi muke kankare tukunya da ƙwarya, tsofaffi kuma su ƙona shi su yi allin kaɗi.

Ta ce, "Ni kam ku Katsinawa kuna ba ni mamaki. Kullum ɓawo nake gani a hannunku. Ina kuke kai naman?"

Na ce, "Wane naman?"

Ta ce, "Na ciki mana."

Na ce, "Tir! Wannan abin mai kama da majina? Ci ake yi?"

Ta yi dariya har da riƙe katanga. Ta ce a garinsu akwai babbar 'yar uwarsa da suke kira kawa, tana manne da duwatsu a cikin kogi, masu nutso su ɓamɓaro ta, a dafa, a shanya, a yi miya. Ta ce mai jego da wanda ya tashi daga jinya su ake fara zuba wa. Da yake malama ce, sai ta ɗora da karatu. Ta ce naman irin waɗannan halittu yana gina jiki, kuma yana da sinadaran da garkuwar jiki ke buƙata don ta yi aikinta, musamman wanda ake kira zinc, mai taimakon ciwo ya rufe. Ta ce kawar teku ta fi kowace yawansa, har masana suna bincike a kan abubuwan da ke cikinta masu daidaita garkuwar jiki. Na tafkunan nan ƙanenta ne, bai kai ta ba, amma ba a raina shi.

Ta ce, "Kada ki ce na ce maki magani ne. Abinci ne. Amma ai abincin tsohon naku ya rasa."

Ni ban ma gama jin ƙarshen bayanin ba. Abu ɗaya ne ya tsaya mani a rai. Na miƙe da tukunya a hannu na ce, "Malama, shi wannan abin, sayensa ake yi?"

Ta ce, "A nan? Wa zai sayar, wa zai saya? Yana can cikin taɓo, na Allah ne."

Wallahi ji na yi kamar an sauke mani dutsen niƙa daga ka.

Na san mahaifina. Na san ba zai ci ba sai ya yi mani tambayoyi irin na alƙali, saboda haka tun kafin in taka ko'ina na zauna na toshe kowace kafa. Maigidana ya ce zai kai mu a babur ɗinsa, na ce a'a, man da ke ciki naka ne. Ya ce to ga kuɗin mota, na ce mayar aljihu. Izini kawai nake so. Ya ba ni, yana ta jaddada mu dawo kafin la'asar, don hanyar ba ta da tabbas. Na aika wa mai a-kori-kurar nan. Dama tun abin naman nan kunya ta hana shi zuwa gaida Malam. Da ya ji abin da ake ciki ya ce ko Runka ne, can bakin daji, zai kai mu, albarkar karatun da ya sha.

Tafkin da aka kwatanta mana yana gefen hanyar Safana. Bazara ce, ruwa ya ja baya ya bar baƙin taɓo mai faɗi. Da can wurin shayar da shanu ne, amma ranar ko saniya ɗaya ba mu gani ba, sai mata huɗu ko biyar suna wanki. Mai motar ya sauke mu ya ce zai kai kaya ya dawo, in muka ji ƙarar babura da yawa mu bar komai mu shige cikin mata.

Maƙwabciyata ta ɗaure zane ta shiga kamar gidansu. Ni kuwa na tsaya a baki ina ƙyanƙyami. Ta ce, "Shigo mana, 'yar malam! Da ƙafa ake nema. Ki riƙa taka taɓon a hankali, in kika ji abu mai tauri mai santsi, ki sunkuya ki zaro." Na shiga. Taɓo ya kama ni har gwiwa, ɗumi gare shi, ga wari. Na taka, na taka, sai na ji shi a ƙarƙashin babban yatsana. Na cusa hannu na zaro. Ga shi nan baƙi, rufe gam, ya cika tafin hannuna, da nauyinsa. Na shekara talatin da wani abu ina riƙe ɓawon abin nan, ban taɓa riƙe shi da rai ba.

Matan wanki suka bar wanki suka zuba mana ido. Ɗaya ta gane ni, ashe 'yarta ta taɓa zama a ajina kafin su koma ƙauye.

Ta ce, "Ikon Allah! Malama, yunwar har ta kai ku nan?"

Na ce, "Ta kai mu. In kin gama kallo ki zo ki riƙe mani bokiti."

Suka kwashe da dariya. Matsattsaku biyu suka kama ni a ƙwauri, na yi ihu har tsuntsaye suka tashi, maƙwabciyata ta cire mani su tana mani tsiya. Sau ɗaya muka ji ƙarar babura daga nesa. Kowa ya yi tsit, muka tsaya cak a cikin ruwa har ƙarar ta yi yamma ta ɓace. Kafin azahar mun cika bokiti ɗaya da rabi.

A gida ta koya mani aikinsa. Duk wanda bakinsa ke buɗe, in an ƙwanƙwasa bai rufe ba, matacce ne, a yar. Sauran a zuba su a ruwa mai kyau su kwana, a canza ruwan sau biyu, su tofar da ƙasar cikinsu. Sannan a tafasa har su buɗe, a ciro naman, a cire baƙin cikin, a wanke, a sake dafawa sosai. Ta ce ɗanye ko rabin dahuwa cuta zai ƙara masa. Na je na gaya wa ma'aikaciyar jinya, ta yamutsa fuska, ta ce ita dai ba za ta ci ba, amma in ya dahu lugub a ba shi, kuma kada a fasa zuwa wanki da allura.

Na yi miyar, na tuƙa ɗan tuwo da geron Malam, na ɗauka na yi sallama a zaure. Tun ranar da na yi masa rashin kunya gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na durƙusa, na gaishe shi da jiki, na tura kwanon gabansa na buɗe. Ƙamshi ya tashi. Na ga maƙogwaronsa ya motsa.

Ya ce, "Mi ne ne wannan?"

Na ce, "Naman makankari ne, Baba."

Ya ɗago ya dube ni sosai, karo na farko a kwana huɗu.

Na ce, "Tambaya na zo da ita tukuna. Halal ne ko haram?"

Malam ko yana gargara ba ya barin tambayar ilimi ta wuce. Ya gyara zama. Ya ce a cikin ruwa yake rayuwa, ko yana fitowa tudu? Na ce a cikin ruwa, cikin taɓo. Ya ce to a mazhabarmu abin ruwa halal ne, ba ya ma buƙatar yanka. Ya ce rashin sabo ne ya sa mutanenmu ba sa ci, rashin sabo kuwa ba hukunci ba ne.

Na ce, "Alhamdu lillahi. Bismilla."

Ya ce, "Wa ya saya?"

Na ce, "Ba wanda ya saya. Ni na shiga tafki na tono shi." Na ja zanena kaɗan na nuna masa inda matsattsaku suka sha ni.

"Da abin hawan wa kika je?"

"Motar ɗalibinka. Ya ce albarkar karatu."

"Gishirin fa?"

"Na maƙwabciya ne. Ni ta ba, kuma ta ce in ka musa a kira ta ta rantse."

"Man?"

"Babu mai. Duba ka gani."

"Kukar?"

"Ni na kakkaɓo ganyen a bayan makarantarmu, na shanya, na daka."

"Itacen?"

"A bakin tafkin na tsinto."

Na ga yana lalube, ni kuwa na kafe shi da ido, zuciyata na cewa nemo, tsoho, nemo. Can ya ce, "Tukunyar?"

Na ce, "Ta Inna ce. Wadda ta ba ni ranar da aka kawo ni gidan nan."

Malam ya sunkuyar da kai ya daɗe. Da ya ɗago idonsa ya yi ja. Ya ce, "Ke dai Auta, da namiji ce da an yi alƙali." Ya jawo buta ya wanke hannu, ya yi bismilla, ya gutsuri tuwo ya dangwala. Ya tauna naman a hankali, yana da ɗan tauri kamar ƙundun kaza. Ya sake kai hannu. Ban motsa ba, ko numfashin kirki ban yi ba, har sai da na ji yatsunsa suna share gindin kwano. Na ɗauki kwanon na fita da natsuwa kamar mutuniyar kirki. Ina shiga tsakar gida na dire shi na kama rawa ni kaɗai, maƙwabciyata tana leƙe ta katanga tana tafa mani.

Daga nan duk mako sai mun je tafki sau biyu. Wani zuwan mu samu da yawa, wani zuwan kaɗan. Sau ɗaya mun kai rabin hanya aka ce a juya, an ga mutanen daji, muka dawo hannu wofi na kwana ina masifa. Na koyi shanya naman a rana yadda zai kai kwanaki. Matan wankin nan da suka yi mana dariya, kafin wata ya ƙare na iske biyu daga cikinsu tsundum a taɓo da ƙwaryarsu, ɗaya tana cewa wai yaronta ne ba ya jin daɗi. Na ce mata, "Ikon Allah! Yunwar har ta kai ku nan?" Ta ce in rufa mata asiri.

Mako uku ya cika, muka je asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta kwance bandeji ta daɗe tana dubawa. Warin ya ragu, ruwan ya tsaya, gefen ciwon ya yi ja mai kyau. Ta ce ba ta ce an tsira ba, amma ta ƙara mana mako biyu. Ta kuma ce wannan abin naku shi kaɗai ba zai isa ba, a ƙara da wake da ƙwai da ganye. Na ce a raina, wake da ƙwai ai ba a tono su a taɓo.

Ashe Malam ya ji ta, kuma ya fi ni dabara. Ranar wata Alhamis da yamma na kai masa miyarsa, sai ya ce in kawo wani kwano. Ya raba tuwon biyu da hannunsa, ya zuba miya, ya tsame manyan naman ya ɗora a kai.

Ya ce, "Kai wa mai gidan nan. Ki ce in ji ni. Tun da na zo ban taɓa ba shi komai ba."

Wayyo, maigidana! Mutumin da ko bokitin makankari ya gani sai ya kauce ya bi ta bayan rijiya. Na kai masa na faɗi saƙo. Ya dubi kwano, ya dube ni, ya ce a hankali, "Duka?" Na ce, "Duka. Kuma kwanon zai duba." Ya zauna ya ci, yana haɗiya da ƙyar yana korawa da ruwa, hawaye na taruwa a idonsa, ni ina tsaye a kansa ina cewa saura loma uku. Da ya gama ya je ƙofar zaure ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, na ga saƙo, Allah ya ƙara girma." Malam ya ce, "Madalla."

Sai da na kwanta na gane abin da tsohon nan ya yi. Wanda ya ciyar da kai, in ka mayar masa da kwano da abu a ciki, ba ciyar da shi ka yi ba, zumunci ka mayar. Washegari maigidana ya sa na dafa wake da alayyafo da ƙwai biyu, na zuba a wannan kwanon dai, na kai zaure na ce, "Mai gidan nan ya ce a maido maka da kwanonka." Malam ya buɗe, ya duba, bai tambayi wanda ya saya ba. Ya cinye tas. Daga ranar kwano ya riƙa kai da kawowa, makankari ya fita, wake ko kifi ko nama ya dawo. Maigidana ya sha miyar makankari har ya daina runtse ido, ko da yake har yau in an tambaye shi cewa yake bai taɓa sonta ba.

Ni ba likita ba ce. Ban san rabon da makankari ya ɗauka a cikin warkewar nan ba, da rabon allura, da na wake, da na hannun baiwar Allahn nan da ta yi ta wanke gyambo ba ta taɓa tsaki ba. Abin da na gani da idona shi ne zazzaɓin ya daina dawowa, tarin ya tafi, tsagar baki ta rufe, kumatunsa suka ciko. Ciwon ya riƙa tsukewa daga gefe, daga faɗin tafin hannu ya koma kamar bakin kofin shayi, ya koma kamar ƙwandala. Ranar da ma'aikaciyar jinya ta cire bandeji na ƙarshe, ta danna wurin da yatsa ta ce, "Baba, Katsina sai dai in ziyara za ka." Na rungume ta a gaban mutane, har hularta ta faɗi.

Juma'ar da ta biyo, da hantsi, Malam ya yi wanka ya sa farar rigarsa ya naɗa rawani. Ya ce ba babur zai hau ba, da ƙafarsa zai je masallaci. Sannan ya kira ni.

Ya ce, "Auta, ina ɗayan takalmina?"

Takalmin hagu! Wata biyar ƙafar tana cikin bandeji, wa ya tuna da shi? Muka birkice gidan nan. Ƙarƙashin gado, bayan randa, cikin buhunan da ya zo da su, har kan rufin akurkin kaji na leƙa. Babu. Ga lokaci yana tafiya, mutane sun fara wucewa ta ƙofar gida da dardumarsu. Malam yana tsaye a bakin zaure, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya a ƙasa, sabuwar fata tana ƙyalli. Na ce ba zai taka ƙasa da ita haka ba ko sama za ta faɗo. Ya ce to sai ya fasa.

Maigidana yana gefe cikin shirinsa na masallaci. Ya sunkuya ya tuɓe takalmansa duka biyu, ya kakkaɓe su da hannun rigarsa, ya durƙusa ya ajiye su a gaban Malam, ya ja da baya kansa a ƙasa. Na ce a raina yau kuma sabuwar shari'a za a buɗe.

Malam ya dubi takalman ya daɗe. Sannan ya zare nasa na dama, ya zura ƙafar hagu a hankali, ya zura ta dama. Ya taka sau ɗaya, ya taka sau biyu.

Ya ce, "Sun yi mani daidai. Mu je, ɗana, kada mu rasa sahu."

Suka fita, tsoho a gaba yana takawa ɗaiɗai ba sanda, maigidana a bayansa da silifas ɗin wanka. Na bi su har bakin ƙofa. Na san 'yar malamai ba ta guɗa a kan titi, ranar Juma'a, maza na wucewa. Na cika ƙirjina da iska na rangaɗa ta, har sau uku.